Bayan Ƙare-Dangi: Labaran Waɗanda Suka Yi Saura Da Abin Da Hamadar Aljeriya Ta Gani

Da sanyin safiyar ranar 13 ga watan Fabrairu na shekarar 1960, ƙasar Faransa ta tayar da bom ɗinta na nukiliya na farko a kusa da garin Reggane da ke cikin hamadar Aljeriya, wato arewa da Mali da Nijar. Ƙarfin wannan bom, wanda suka laƙaba wa suna Gerboise Bleue, ya ninka wanda Amurka ta jefa a Hiroshima kusan sau huɗu. A daidai wannan lokaci kuwa, masu karatu a Amurka da Ingila suna ta rububin wasu sababbin littattafai na ƙagaggun labarai, waɗanda dukkansu tambaya guda suke yi: idan aka yi yaƙin nukiliya, manyan birane suka zama toka, yaya 'yan tsirarun da suka yi saura za su sake gina rayuwa?

Shekara sittin da 'yan kai ke nan ana rubuta irin waɗannan labarai, ana kuma mayar da su finafinai da wasannin kwamfuta. Mai karatu zai iya cewa ina ruwanmu da tatsuniyoyin Turawa, mu da ba mu da bom, ba mu kuma da niyyar ƙera shi. Amma idan muka duba abin da littattafan suka ƙunsa, muka haɗa da abin da masana kimiyya suka gano daga baya, da kuma abin da ya auku a ƙasar maƙwabtanmu, za mu ga cewa maganar ta fi kusa da ƙofar gidanmu fiye da yadda muke zato.

Yadda wannan adabi ya samo asali

Tushen abin dai shi ne ranakun 6 da 9 ga watan Agusta na 1945, lokacin da aka jefa bom a Hiroshima da Nagasaki na ƙasar Japan. A Hiroshima kaɗai mutane kimanin 140,000 suka rasu kafin ƙarshen shekarar. Da Tarayyar Sobiyet ta gwada nata bom ɗin a 1949, sai duniya ta shiga zamanin Yaƙin Cacar Baka, kowane ɓangare yana tara makaman ƙare-dangi, jama'a kuma suna kwana da fargaba. Marubuta suka ɗauki wannan fargaba suka zuba a takarda.

Wasunsu ba su bar ko ƙofar tsira ba. A littafin On the Beach na Nevil Shute, wanda ya fito a 1957, yaƙin ya riga ya gama da arewacin duniya, mutanen birnin Melbourne na Ostareliya kuma suna zaune suna jiran iskar da za ta kawo musu ƙura mai guba. Ba su harba komai ba, ba a kuma harbe su ba, amma ajali ya taho musu a hankali, har gwamnati ta raba wa jama'a ƙwayoyin da za su sha su huta. A wannan labari babu maganar sake gini, domin babu wanda ya saura.

Sai dai mafi yawan marubutan sun fi sha'awar abin da zai biyo bayan wutar. A nan ne labaran suke da daɗin karatu, kuma a nan ne suke tona asirin abin da al'umma ta dogara a kansa ba tare da ta sani ba.

Ruwa, gishiri da iri

Littafin Alas, Babylon na Pat Frank ya fito a 1959. Ya ba da labarin wani ƙaramin gari da marubucin ya ƙaga a jihar Florida ta Amurka, wanda bom bai faɗa masa ba, amma aka yanke shi daga sauran duniya. Cikin 'yan kwanaki wutar lantarki ta ɗauke, man fetur ya ƙare, kantuna suka zama wayam. Takardar kuɗi ta koma tamkar ganyen bishiya, har manajan bankin garin, wanda duk mutuncinsa a kan kuɗi yake, ya kashe kansa. Masu ciwon sukari suka mutu saboda maganinsu ba ya zama sai a firiji. Jama'a suka koma cinikin ba-ni-gishiri-in-ba-ka-manda, ana musayar zuma da ƙugiyar kamun kifi da gahawa.

Abin lura shi ne waɗanda suka zama ginshiƙin garin. Akwai wani gida na baƙar fata manoma, waɗanda a da ake yi musu kallon raini saboda wariyar launin fata ta wancan zamani, amma su ne masu alfadari da kaji da aladu, su suka san noma, kuma su ne suka saba amfani da rijiyar da ruwanta ke bulbulowa da kansa daga ƙarƙashin ƙasa, ba tare da ƙurar gubar ta taɓa shi ba. Akwai likita guda, wanda ranar da 'yan fashi suka farfasa masa tabarau garin duka ya shiga uku. Akwai kuma matar da ke kula da ɗakin karatu, wadda a da babu mai leƙa ta, sai ga shi kowa na zuwa neman littafin da zai koya masa yadda ake adana nama ko gane ganyen da ake ci.

Daga baya gishiri ya ƙare, mutane suka fara galabaita a tsakiyar zafi, sai da jarumin labarin ya binciki tsohon kundin kakan-kakansa sannan ya gano inda mutanen da suke samo shi. Wanda ya san tarihin ayarin raƙuma da ke ratsa Tenere zuwa Bilma da Fashi, su kai gero su ɗauko kantun gishiri da dabino, ba zai yi mamakin wannan ba. Abin da marubucin Amurka ya ɗauka a matsayin darasin ƙarshen duniya, a wurin Buzaye da Barebari da fataken Hausa sana'a ce ta kaka da kakanni.

Masu ceton littattafai

A shekarar nan ta 1959 aka buga A Canticle for Leibowitz na Walter Miller, wanda masana da dama suke ɗauka shi ne gagarabadan wannan fanni. Shi Miller sojan sama ne a Yaƙin Duniya na Biyu, kuma yana cikin waɗanda suka yi ruwan bama-bamai a kan tsohuwar majami'ar Monte Cassino ta Italiya a 1944, abin da ya tsaya masa a rai har ya haifar da littafin.

A labarinsa, waɗanda suka tsira daga yaƙin sun huce haushinsu a kan masu ilmi, suna cewa su suka jawo bala'in. Aka bi malamai da masana ana kashewa, ana ƙona littattafai, har jahilci ya zama abin alfahari. Sai wasu masu ibada na addinin Kirista suka keɓe a cikin hamada, suna satar hanya suna ɓoye littattafan da suka saura, wasu suna haddacewa, wasu suna kwafa da hannu. Ƙarni bayan ƙarni suna kwafar abin da su kansu ba su fahimta ba, har da zanen wata na'urar lantarki da wata 'yar takardar cefane, suna riƙe da su kamar kayan tsarki, da fatan wata rana za a haifi wanda zai gane ma'anarsu. Aka kuwa haife shi. Ilmi ya dawo, lantarki ya dawo, jiragen sama suka dawo, kuma bayan shekara kusan 1,800 mutane suka sake ƙera bom suka sake harba wa juna.

Ɓangaren farko na wannan labari mun ga kwatankwacinsa a zahiri a maƙwabciyarmu Mali. A 2012, lokacin da 'yan bindiga suka mamaye Timbuktu, iyalan da suka gaji tsofaffin rubuce-rubuce, tare da jagorancin Abdel Kader Haidara, suka riƙa zuba su a akwatunan ƙarfe suna fitar da su a ɓoye, a motoci da jiragen kwale-kwale ta kogin Kwara, har dubban ɗaruruwa suka isa Bamako. Waɗanda suka rage a Cibiyar Ahmed Baba kuwa, an cinna wa wasu dubbai daga cikinsu wuta a watan Janairu na 2013. Ba yaƙin nukiliya ba ne, amma darasin guda ne: ilmin da aka tara cikin shekara ɗari biyar yana iya salwanta a yini ɗaya, kuma sau da yawa talakawa marasa makami ne suke cetonsa.

Rigar ma'aikacin gidan waya

Tambaya ta uku da labaran suke yi ita ce ta mulki. A littafin The Postman na David Brin, na 1985, wani matafiyi da 'yan fashi suka yi wa tsirara a jihar Oregon ya tsinci rigar wani ma'aikacin gidan waya da ya daɗe da mutuwa, ya saka don maganin sanyi. Da ya isa ƙauyuka sai ya tarar mutane na kallon rigar da ƙwalla a idonsu. Don ya sami abinci da wurin kwana, ya shara musu ƙarya cewa an maido da gwamnati a can gabas, shi kuma wakilinta ne. Mutane suka fara ba shi wasiƙu ya kai wa 'yan'uwansu a wasu garuruwa, matasa suka shiga aikin, ƙauyukan da suka shekara goma sha suna tsoron juna suka fara gaisawa. Ƙaryar ta zama gaskiya saboda jama'a sun yi aiki da ita. Abokan gabar da suka fi bom ɓarna a littafin su ne ƙungiyoyin masu bindiga da suka ɗauki aƙidar cewa mai ƙarfi shi ne da komai.

Wanda yake zaune a yankin da 'yan bindiga suka kori hakimi da alƙali da malamin makaranta, suka sa wa manoma haraji kafin su shiga gonakinsu, ba ya bukatar a fassara masa wannan babi. Abin da Brin yake nunawa shi ne hukuma ba gini ba ce kawai, amana ce da ke tsakanin mutanen da ba su san juna ba, kuma idan ta karye, sake ƙulla ta ya fi sake gina gada wuya.

Akwai kuma waɗanda suka ƙi yarda a yi wa mai kallo sassauci. Fim ɗin Threads da gidan talabijin na BBC ya nuna a 1984 ya bi birnin Sheffield na Ingila har shekara goma sha uku bayan yaƙin. Jama'ar ƙasar ta ragu zuwa adadin da take da shi a zamanin da, ana noma da hannu a ƙarƙashin rana mai makantarwa, yaran da aka haifa bayan bala'in ko magana sosai ba su iya ba. A Amurka kuma, fim ɗin The Day After da aka nuna a watan Nuwamba na 1983 mutum kusan miliyan 100 suka kalle shi a dare guda. Shugaba Ronald Reagan ya rubuta a kundinsa cewa fim ɗin ya jefa shi cikin damuwa ƙwarai. Bayan shekara huɗu, a 1987, shi da Mikhail Gorbachev suka sa hannu a yarjejeniyar kawar da makamai masu linzami masu cin matsakaicin zango. Ba fim ne kaɗai ya kawo wannan ba, amma ya taimaka wajen juya ra'ayin jama'a. Ita wannan yarjejeniya ta rushe a 2019.

Abin da masana kimiyya suka ƙara

Marubutan farko sun ɗauka babbar barazana ita ce wuta da ƙura mai guba. A 1983 wasu masana biyar, cikinsu har da Carl Sagan, suka fito da bayanin abin da suka kira hunturun nukiliya. Bayanin shi ne, idan birane masu yawa suka kama da wuta a lokaci guda, baƙin hayaƙi da kunkunniya za su haura can ƙololuwar sama, sama da inda gajimare ke taruwa, inda babu ruwan saman da zai wanke su. Za su bazu su lulluɓe duniya na shekaru, su tare hasken rana, sanyi ya sauko, ruwan sama ya ragu. Duniya ta taɓa ɗanɗana ƙaramin misalin haka, lokacin da dutsen Tambora na Indonesiya ya yi aman wuta a 1815, shekarar da ta biyo amfanin gona ya lalace a Turai da Amurka.

A 2022 wasu masana ƙarƙashin jagorancin Jami'ar Rutgers ta Amurka suka wallafa lissafin abin da hakan zai yi wa abinci. Sun nuna cewa babban yaƙi tsakanin Amurka da Rasha zai iya rage abincin da duniya ke nomawa da kusan kashi 90 cikin 100 a shekara ta uku zuwa ta huɗu, mutum fiye da biliyan 5 su mutu da yunwa. Ko yaƙi tsakanin Indiya da Pakistan kaɗai zai iya halaka fiye da biliyan 2. Mafi yawan waɗannan mutane ba za su taɓa ganin hasken bom ɗin ba. Ƙasashe tara ne ke da waɗannan makamai, jimillarsu kimanin 12,000, kuma kusan kashi 90 cikin 100 suna hannun Amurka da Rasha.

A nan ne maganar ta iso gonakinmu. Daminar yankin Sahel ta dogara ne a kan zafin rana, domin shi ke dumama ƙasa har ta jawo iska mai laima daga teku. Idan rana ta dusashe, iskar ba za ta haura arewa yadda ta saba ba. Dattawa sun ba mu labarin yunwar Kakalaba ta 1914, da yawanmu kuma mun ga farin 1973 da na 1984, wanda mutanen Nijar ke kira El-Buhari. A waɗannan biyun na baya, duk da asarar rayuka da dabbobi, jiragen ruwa sun kawo hatsi daga waje. Haka ma Hiroshima, kwana uku bayan bom ɗin taragon lantarki ya fara aiki a wani sashe na birnin, saboda akwai sauran ƙasa da sauran duniya da za su kawo ɗauki. A hunturun nukiliya kuwa, masu ba da agajin su ne farkon waɗanda rumbunsu zai ƙone.

Hamadar da ta riga ta ɗanɗana

Mu koma Aljeriya. Tsakanin 1960 da 1966 Faransa ta yi gwaji 17 a can: huɗu a sararin sama a yankin Reggane, sha uku a cikin ramukan da aka haƙa a dutsen In Ekker, arewa da Tamanrasset, garin da fatake da 'yan ci-rani daga Agadas da ƙasar Hausa suka sani sarai. Yarjejeniyar Evian ta 1962, wadda ta ba Aljeriya 'yanci, ta bar wa Faransa wuraren gwajin na ƙarin shekara biyar. A ranar 1 ga watan Mayu na 1962, gwajin da ake kira Béryl ya ƙwace, dutsen ya tsage, gajimaren guba ya fito ya bi ta kan sojoji da ma'aikata, har da ministocin Faransa biyu da suka zo kallo, Pierre Messmer da Gaston Palewski. Wata taswirar sojan Faransa da aka fitar daga sirri, wadda jaridar Le Parisien ta buga a 2014, ta nuna cewa ƙurar gwajin farko ta bazu har Chadi da ƙasashen Afirka ta Yamma, ta kuma kai kudancin Sifen cikin mako biyu.

Shugabannin wancan zamani ba su yi shiru ba. Tun a watan Disamba na 1959 wata tawagar masu zanga-zangar lumana ta tashi daga Accra da nufin isa Reggane, sai jami'an Faransa suka tare ta a ƙasar da yanzu ake kira Burkina Faso. Bayan gwajin farko Kwame Nkrumah ya riƙe kadarorin kamfanonin Faransa da ke Gana. Bayan na uku kuwa, a watan Janairu na 1961, gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta kori jakadan Faransa daga Legas, ta hana jiragen sama da na ruwa na Faransa sauka a Nijeriya, alhali ƙasar ba ta fi wata uku da samun 'yanci ba.

Da Faransawa za su tashi, sun binne motoci da ƙarafa da sauran kayan da gubar ta taɓa a cikin rairayi. Mutanen yankin, waɗanda ba a yi musu bayanin haɗarin ba, sun riƙa tono ƙarfe da wayar tagulla suna amfani da su ko suna sayarwa. Hukumomin Aljeriya sun sha neman a ba su cikakkun taswirorin wuraren da aka binne kayan. A 2010 Faransa ta kafa dokar biyan diyya ga waɗanda gwaje-gwajenta suka cutar, amma 'yan Aljeriyar da suka amfana da ita ba su taka kara sun karya ba. Bugu da ƙari, a kudancin wannan hamada, tun 1971 ake haƙar yuraniyom a Arlit ta Nijar, kuma mahaƙar Akouta da aka rufe a 2021 ta bar tarin miliyoyin tan na dusar ma'adinin a gefen gari.

Ina muke a cikin labarin?

A mafi yawan littattafan da muka ambata, Afirka ba ta fito ba ko a gefen shafi. Wadda ta yi ƙoƙarin cike wannan giɓi ita ce Nnedi Okorafor, Ba'amurkiya 'yar asalin Nijeriya, a littafinta Who Fears Death na 2010, wanda ya ci babbar lambar yabo ta duniya a fanninsa a 2011. Ta kafa labarinta a Sudan ta can gaba, bayan rugujewar wannan zamani, inda tsofaffin kwamfutoci ke jibge a kogo, amma ƙabilanci da bauta da cin zarafin mata suna nan daram, kamar yadda aka gani a Darfur. A wurinta, abin da ya fi wuyar mutuwa shi ne tsohuwar gaba.

A adabin Hausa ma ƙofar a buɗe take. Tun 1969 Umaru Dembo ya kai mai karatu sararin samaniya a Tauraruwa Mai Wutsiya, don haka labarin kimiyya ba baƙo ba ne a harshenmu. Marubucin da ya zauna ya tambayi kansa yadda wani gari tsakanin Katsina da Maraɗi zai yi idan damina uku ta wuce ba ruwa, ba taki, ba fetur, ba waya, zai sami kayan aiki da Pat Frank bai samu ba. Wa zai riƙe mabuɗin rumbun tsimi? Wa zai hana a cinye iri? Maƙeri da ungozoma da mahaƙin rijiya, wane matsayi za su hau? Gayya da adashe za su ɗauki nauyin, ko kuwa mai bindiga ne zai gaje gari? Kuma irin gero mai saurin nuna da kakanninmu suka adana, nawa ya saura a hannun manoma?

Ta fuskar hukuma dai, nahiyarmu ta bayyana matsayinta. Yarjejeniyar Pelindaba, wadda aka sa wa hannu a Alƙahira a 1996 ta kuma fara aiki a 2009, ta haramta ƙera makaman nukiliya ko gwada su ko ajiye su a Afirka. Afirka ta Kudu ta ƙera bom shida sannan ta wargaza su da kanta a farkon shekarun 1990. Nijeriya kuma ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta haramta waɗannan makamai baki ɗaya a 2020, wadda ta fara aiki a watan Janairu na 2021, ko da yake babu ko ɗaya daga ƙasashe taran da ta shiga cikinta. Hausawa na cewa idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Gemun Reggane da In Ekker ya kama tun 1960, kuma mutanen can har yanzu suna jiran a nuna musu inda aka binne sauran garwashin. Allah Ya kiyashe mu da ganin ranar da waɗannan littattafai suke hasashe.